Masu viburnum a lambu, ku kula da lokacin aski

Salam 'yan uwa masu son furanni. Don Allah duk mai viburnum (wani ƙaramin itacen ado mai fure) a lambunsa ya daina yi masa aski, wato datse rassa, kafin ya yi fure, wallahi abin nan na damuna. Yawancin ire-irensa tun bara suke ɗaura tohon furen bana a jikin tsoffin rassa, to in ka sa almakashi da wuri ai furen ka zubar da hannunka, sai ka zauna shekara guda kana kallon ganye kawai kana cewa ƙasa ce ba kyau. Ka bari sai furen ya gama zuba sannan ka rage, shi ma kar ya wuce kashi 1 cikin 3 na rassan, ka fara da busassu da masu gogar juna.

Wajen dasawa kuma ramin ya ninka faɗin saiwar sau 2 amma banda zurfafawa, a wurin da ruwa baya kwanciya, saiwarsa saurin ruɓewa gareta. Rana kamar awa 6 ta isa, in wurin akwai zafi sosai inuwar yamma tafi mai. Shekarar farko ban ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a sati, ka baza busasshen ganye a gindin amma kar ya taɓa jikin itacen.

Taki mai naitirojin da yawa shima ganye zai baka ba fure ba. In kaga sabon ganye na nannaɗewa duba ƙarƙashinsa, ƙananan ƙwari ne masu tsotso, fesa musu ruwa da ɗan sabulu da yamma.