Yadda zaka zaɓi TV mai kyan hoto don falonka ba tare da an yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Mu dai a nan duk wata TV mai faɗi siririya "plasma" muke ce mata, alhali plasma ta gaske tun 2014 Panasonic da Samsung da LG suka daina ƙera ta. Yanzu in ka shiga Sabon Gari ka ce a baka plasma, LED za a miƙo maka, kuma hakan ba komai bane. Inda matsalar take shi ne mutum ya tafi kasuwa bai san girman ɗakinsa ba, bai duba wutar gidansa ba, bai ma tsaya ya yi tunanin me zai riƙa kalla ba, sai ya tsaya yana karanta rubutun jikin kwali, mai shago kuma yana zuba masa zance har ya ciro kuɗi.

Abu na farko, kafin ka taka ƙafa waje, auna tazarar da ke tsakanin bangon da zaka kafa TV ɗin da kujerar da kake zama. In babu tef, ƙirga tayil kawai. Tayil mai faɗin santimita 60, guda biyar mita uku kenan. In tazarar wajen mita biyu ce, inci 43 zuwa 50 ta isheka, in ta kai biyu da rabi ka duba 55, in ta kai uku ko ta wuce to 65 ba almubazzaranci bane. Sannan ka sani incin nan daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, ba faɗi ba. Mai inci 55 faɗinta kusan santimita 122 ne, mai 65 kuma kusan 144, don haka auna bangon ma, kar ka kawo ta gida ta toshe rabin taga.

Na biyu, kuma nan ne aka fi cutar mutane, wato maganar HD. Kalmar HD ba abu ɗaya take nufi ba. Hoton TV ƙananan ɗigogi ne aka jera, yawansu shi ne kaifin hoton. Akwai wadda aka rubuta wa HD Ready, ita ce ta ƙasa, ɗigoginta kusan miliyan ɗaya, yawanci 1366 sau 768. Sai Full HD, 1920 sau 1080, miliyan biyu da ɗoriya. Sai 4K da wasu ke rubutawa UHD, 3840 sau 2160, sama da miliyan takwas, wato ninki huɗu na Full HD. To a inci 32 HD Ready ba laifi, daga nesa idonka ba zai gane bambanci sosai ba. Amma in aka ce maka ga inci 50 kuma HD Ready ce, malam juya ka tafi ko da an yi maka ragi, don ɗigogin nan miliyan ɗaya ne aka baza a babban fili, fuskar mutum zata riƙa fitowa kamar an shafa mata man kaɗanya. Ni a ganina daga 43 Full HD ce mafi ƙaranci, daga 50 zuwa sama 4K kawai. Ita kuwa 8K kar ma ka ɓata lokacinka, me zaka kalla da ita?

Wannan ya kawo mu ga na uku, me kake kalla kuma ta ina yake shigowa. TV bata ƙirƙiro kyan da babu shi a cikin siginal. In dish ɗinka na tashoshin kyauta ne, da yawansu ma ba HD suke watsawa ba balle 4K, to duk tsadar TV ɗin iyakarta ta ɗan gyara hoton. Abin da ya fi bani haushi, zaka shiga gida ka ga an kashe maƙudan kuɗi an sayo 4K, dikoda ma HD ce, amma an haɗa su da tsohuwar wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Wallahi asara ce. Wayar rawayar nan bata ɗaukar HD ko kaɗan, wayar HDMI ake sawa. Ni kaina na taɓa yin wata biyu ina zagin TV ɗina a raina ina cewa an sayar mini da jabu, ashe waya ce, wani ƙanina ya zo hutu ya canza ta cikin minti ɗaya, kunya ta kama ni. Don haka leƙa bayan TV ɗin tun a shago, ramin HDMI ya kai uku in so samu ne, ɗaya na dikoda, ɗaya na gem ɗin yara, ɗaya kuma wanda aka rubuta ARC a jikinsa na sifika, don TV ɗin zamani saboda sirantarsu sautinsu ba wani abin a zo a gani bane. In kana son ka rabu da risiba, nemi wadda aka rubuta S2 a jikinta, wayar dish kai tsaye take shiga, T2 kuma ta eriya ce.

Masu kallon bal, ku kula da wani abu da ake kira Hz, wato sau nawa hoto ke sabuntawa a sakan ɗaya. Yawancin masu sauƙin kuɗi 50 ko 60 ne kuma suna kallon Firimiya lafiya lau. Mai 120 ta gaske ta fi santsi, amma ta fi amfani ga mai buga gem a PS5. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali da wasu sunaye na daban, talla ce, ba lallai su ne ainihin Hz ɗin ba.

Na huɗu wuta, kuma da ni ne ma da shi zan fara. A bayan yawancin TV akwai sitika da aka rubuta watt ɗin da take ja, karanta da idonka. Ƙaramar LED mai 32 bata cika wuce watt 50 ba, amma manya daga 55 zuwa sama suna iya haura 100, kaga in sola kake amfani da ita da batir ɗaya wannan lissafi ne babba, ga fanka ga fitilu ga cajin wayoyi, kafin a tashi rabin lokaci inbata ta fara kuka. Akwai masu aiki da DC 12V kai tsaye daga batir, yawanci ƙanana ne, ga wanda bashi da NEPA kwata-kwata sun fi rufin asiri. Sannan ka ware kuɗin TV gad ko sitabilaiza a cikin kasafin tun farko, ba sai an kawo wuta mai ƙarfi ta ƙona bod ba ka fara salati.

Na biyar irin gilashin. LED ita ce gama-gari. QLED ma LED ce aka ƙara mata wani shafi da ke sa kala ta fito da kyau, tana da haske, ta dace da falon da rana ke shigowa. OLED daban take, kowane ɗigo da kansa yake kunnuwa ya mutu, baƙi yana fitowa baƙi ƙirin, in ɗakin kallo ne mai labule mai kauri babu kamarta, sai dai tsada, kuma in gidanku irin wanda ake barin tasha ɗaya ne tun safe har dare tambarin tashar yana iya barin tabo a gilashin bayan lokaci. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, mu ba mutum ɗaya ke kallo ba, wasu na kan kujera, yara na kan kafet, wani na can gefe jikin ƙofa. Akwai gilashin VA, baƙinsa ya fi kyau amma daga gefe kala tana dusashewa, akwai IPS wanda ya fi jure kallon gefe. Ba sai ka haddace sunayen ba, a shago ka matsa can gefe ka kalla, ka kuma tsuguna ka kalla daga ƙasa, idonka zai faɗa maka.

Maganar smart kuwa, wato TV mai hawa intanet, kar ta ruɗe ka. Samsung na amfani da manhajar Tizen, LG webOS, Hisense yawanci VIDAA, Sony da TCL da dama Google TV. Duk suna buɗe YouTube. Tambayar ita ce kana da data? Netflix a 4K yana iya shan giga 7 a awa ɗaya, HD kuma wajen 3. In TV ɗin ta yi maka ta ko ina sai smart ɗinta ne bai burge ka ba, ɗan akwatin Android da ake sokawa a HDMI ya magance.

Ranar saye, tafi da filas ɗinka ka sa hotuna a ciki, fari fat, baƙi, ja, kore, shuɗi, da bidiyon bal guda ɗaya. Bidiyon da suke kunnawa a shago na musamman ne, kowace TV kyau take yi da shi. A buɗe kwalin a gabanka, wadda zaka tafi da ita za a gwada ba ta kan kantar shago ba. A farin hoto ka nemi ɗigo baƙi ko layi, a baƙin hoto ka duba ko haske na ɓullowa ta gefuna. Shiga menu ka ga lambar modal da siriyal, ka gwada da ta sitika da ta kwali, dole su zo ɗaya, don akwai masu manna sunan babban kamfani a jikin wadda ba a san uwarta ba. Karɓi rasit mai ɗauke da siriyal da katin garanti. In ta hannu ce ko ta Beljiyam, bar ta a kunne ta yi kamar rabin awa kuna hira, wasu sai sun ɗau zafi suke nuna halinsu.

Wajen kai ta gida a tsaye ake ɗaukar ta, kar mai adaidaita ya kwantar ya ɗora wani kaya a kai. In an zo kafawa tsakiyar gilashin ya daidaita da idon wanda ke zaune, ba can kusa da silin ba kamar ta gidan kallo, kuma kar ta fuskanci taga. Da ka kunna zata tambaye ka yanayin shago ko na gida, zaɓi na gida, ka rage hasken kaɗan, wuta ma zata ragu. Ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle mai laushi ake gogewa, banda fesa ruwa. In hadari ya haɗo kuma ana walƙiya, cire filogi ka cire wayar dish ɗin ma, don ta nan tsawa ke bi ta shigo ko da TV ɗin a kashe take.