Gidan sushi na bayan gari: abin da sabon zuwa Japan zai sani kafin ya zauna

Idan karatu ko aiki ya kawo ka Japan, da wuya ka daɗe ba wani ya ce maka ku je cin sushi ba. Ko malaminka, wanda za ka ji kowa na kira sensei, ko abokan ɗakin bincike, ko maƙwabcin da kuka fara sabawa. Da yawa daga cikin namu kan nemi uzuri su zille, don tun daga gida an cika musu kunne da cewa ɗanyen kifi ne. Shawarata ita ce ka amsa gayyatar. A wuraren cin abincin ƙasar nan, da wuya ka sami inda Musulmi zai zauna da Japanawa ya ci ya ƙoshi hankalinsa kwance kamar gidan sushi. Gidajen ramen, wato taliya a cikin romo, da yawa da ƙashin alade suke haɗa romon, wurin gashin nama ba ka san wanda ya yi yankan ba, izakaya kuwa asalinta wurin shan giya ce. Nan kifi ne da shinkafa. Akwai dai 'yan wuraren da ake tuntuɓe, kuma yawancinsu suna cikin miya da romo, inda ido ba ya gani.

Ba gidajen Ginza, unguwar masu kuɗi a Tokyo, nake nufi ba, inda zama ɗaya kan ci kuɗin da ɗalibi zai yi sati biyu yana cefane da shi. Galibinmu a bayan gari muke zaune, irin su Saitama, Chiba, Tsukuba da unguwannin da ke kewaye da Osaka da Nagoya, kuma abin da ke kusa da mu shi ne wanda suke kira kaiten-zushi, inda farantan sushi ke zagayawa a kan bel ta gaban masu ci: babban gini a bakin titi, da filin ajiye motoci, iyalai sun cika shi da yara ranar Lahadi. Sunayen da za ka fi gani su ne Sushiro, Kura Sushi, Hama Sushi da Kappa Sushi. Wani mai gidan abinci, Yoshiaki Shiraishi, shi ya fara wannan tsari a 1958 a yankin da yanzu ake kira Higashiosaka, bayan ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a wata masana'antar giya. Baje kolin duniya da aka yi a Osaka a 1970 ya sa sauran ƙasar ta san shi. Wannan bel ɗin ne ya mayar da sushi abincin da talaka zai kai iyalinsa. An daɗe ana sayar da faranti a yen 100 kafin haraji, sai a 2022 manyan kamfanonin suka ƙara. Yanzu mafi araha yana farawa ne wajen yen 110 zuwa 150, gwargwadon kamfani da unguwa, kuma galibi loma biyu ce a farantin.

Kana shiga za ka ji an ɗaga murya an ce irasshaimase. Maraba ce kawai, ba a jiran amsa, ɗan sunkuyar da kai ya isa. Akwai na'ura a bakin ƙofa da za ka shigar da yawanku, ka zaɓi tebur ko kanta, ta ba ka takarda mai lamba. Kada ka yar da ita, da ita za ka biya. Daren Asabar da Lahadi layi kan yi tsawo sosai, saboda haka sauke manhajar kamfanin a wayarka ka kama wuri tun kana gida. Ka kuma yi sallarka kafin ka fito, don ba za ka sami wurin yi a can ba.

Abu na farko da zan ja kunnenka a kai yana kan teburin ne. Za ka ga wani ɗan famfo da baƙin maɓalli a ƙasansa. Mu da muka saba wanke hannu kafin cin abinci, hannu ne zai fara zuwa wajen. Tafasasshen ruwa ne na shayi. Garin koren shayi yana cikin wani ɗan gwangwani, sai ka zuba ɗan cokali ɗaya ko biyu a kofi, ka danna maɓallin da jikin kofin. Idan da yara ka zo, zaunar da su can nesa da shi. Wanke hannu a bayi ake yi, ko ka goge da jiƙaƙƙen ƙyallen da ake bayarwa. Shayin kyauta ne, haka ma yankakkiyar cittar da ke cikin akwati, wadda suke kira gari. Ana cin ta ne tsakanin wani kifi da wani don ta wanke baki.

Oda a allon da ke kan tebur ake yi, kuma ana iya juya shi zuwa Turanci. A da mutane daga bel suke ɗaukar abin da ya yi musu. A farkon 2023 wani bidiyo ya yaɗu na wani yaro yana lasar kwalbar miya a wani reshen Sushiro da ke Gifu, ƙasar ta ɗauki zafi, daga nan gidaje da dama suka daina sakin farantai haka kawai, sai abin da aka yi oda. Kura Sushi ta ci gaba da juyawa, amma kowane faranti da murfinsa, da kyamarori suna kallo. Ka riƙe wannan da kyau: abin da hannunka ya taɓa ya zama naka, ba a mayar da shi kan bel, kuma ba a ɗaukar odar wani da ke wucewa ta gabanka. A matsayinka na baƙo, ido yana kanka ko ba a nuna maka ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mu, wato halal.

Kifin kansa babu matsala. Allah Ya halatta mana farautar teku da abincinsa a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta duk dabbar ruwa halal ce, ba sai an yanka ba. Saboda haka jatan lande, kaguwa, ika mai hannuwa goma, da tako mai hannuwa takwas, duk ba laifi. Za ka haɗu da 'yan uwa daga Pakistan, Bangladesh ko Turkiyya da ke bin Hanafiyya, su kan tsaya a kan kifi kaɗai su bar sauran. Kowa da hujjarsa, kada ku mayar da teburin wurin muhawara a gaban masu masaukinku.

Abin lura shi ne mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, wanda na ainihinsa barasar da ke ciki ta kai kusan kashi 14 cikin ɗari. Shi da giyar shinkafa suna shiga girkin Japanawa kullum, har mai girkin ba ya ɗaukarsu a matsayin giya. Idan ka tambaye shi ko akwai giya a abincin, zai iya ce maka babu da zuciya ɗaya, alhali ya zuba mirin. Don haka ambaci sunansa: Mirin wa haitte imasu ka? Wato, akwai mirin a ciki? Inda ya fi ɓuya shi ne baƙar miyar nan mai kauri da ake shafa wa unagi da anago, dogayen kifaye masu kama da maciji, da kifin da aka jiƙa a miya wanda za ka ga an rubuta zuke a sunansa, da wainar ƙwai mai zaƙi da ake kira tamago, da inari, wato shinkafa a cikin soyayyar awara. Ƙwan kifi na ikura ma sau da yawa a irin wannan haɗin ake jiƙa shi. Sabon zuwa kan gudu daga ɗanye ya faɗa kan dafaffe yana ganin ya tsira, alhali dafaffen ne aka fi yi wa haɗi. Wanda aka yanka aka ɗora a kan shinkafa ba tare da komai ba, shi ya fi tsabta ta wannan fuska.

Sai shoyu, miyar waken soya da ake tsoma sushi a ciki. Wajen tsimuwarta ɗan barasa kan fito da kansa, wasu kamfanonin kuma kan ƙara kaɗan don kada ta lalace. Malamai sun saɓa a kan wannan ɗan abin da ba ya bugarwa, kuma Musulmin da ke zaune a nan ma sun kasu: wasu suna ci, wasu suna sayen mai shaidar halal a shagunan Musulmi irin na Shin-Okubo a Tokyo. Ba ni da hurumin yanke maka hukunci. Tambayi malamin da ka amince da shi tun kafin ranar, ka tsaya a kan abu guda, don kada ka zauna kana ci kana waswasi. Wanda ya zaɓi bari, gishiri da lemon tsami suna yi wa farin kifi daɗi ƙwarai. Shinkafar kuwa da ruwan khal, sukari da gishiri ake haɗa ta, galibin malamai ba su ga laifin khal ba, sai dai wasu gidajen kan ƙara nasu sinadarin, tambaya ba ta ɓaci.

Alade ma yana nan, domin gidajen nan sun faɗaɗa abincinsu saboda yara. Akwai sushi da aka ɗora wa nama hamu, wanda alade ne, akwai mai hanbagu, curin niƙaƙƙen nama da galibi ake gauraya shi da alade, ga ramen, ga soyayyar kaza da ba yankan Musulmi ba, ga kayan zaƙi masu jelatin. Soyayyen dankali ma mai yiwuwa ne a mai ɗaya aka soya shi da nama. Koyi gane waɗannan rubutun da ido, za su yi maka amfani har a kanti: 豚 alade, 酒 giya, みりん mirin, ゼラチン jelatin. Manyan kamfanonin suna wallafa jadawalin abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa, kuma alade da jelatin kan fito a ciki. Giya ce ba ta fitowa, ita sai ka tambaya.

Idan zuciyarka ba ta kwanta da ɗanye ba tukuna, fara da ebi, dafaffen jatan lande, da kappa maki, naɗin kokwamba a cikin ganyen teku. Daga nan ka nemi saamon da aka babbaka samansa da wuta, aburi ke nan, amma duba kada a ce an shafa masa miya. Ɗanyen saamon shi ya fi sauƙin shiga baki, yana da laushi da maiƙo, ba shi da ƙarni. Su kansu Japanawa ba su saba cin sa ɗanye ba sai da 'yan Norway suka dage da tallata nasu na kiwo tun daga shekarun 1980. Maguro, jan kifin nan, shi ne na gaba. Ka kuma gwada natto maki, naɗin tsimammen waken soya, ko sau ɗaya. Turawa suna toshe hanci idan sun ji shi, amma wanda ya tashi da daddawa a miya zai ji warin gida, don ƙwayar halitta iri ɗaya ce ke tsimar da su biyun. Wasabi kuwa, koren yajin da ake ci da sushi, zafinsa ta hanci yake hawa ya wuce nan da nan. Yawancin gidajen yanzu a gefe suke ajiye shi, sa ɗan mitsitsi ka ji tukuna.

Ta fuskar lafiya, akwai tsutsar anisakis da kan shiga ɗanyen kifi. Khal, gishiri da wasabi ba sa kashe ta, sai dafuwa ko daskarewa a sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla awa 24. Ba kasafai ake gamuwa da ita a manyan gidaje ba, amma idan ciki ya murɗa maka da tsanani 'yan sa'o'i bayan ka ci, je asibiti ka gaya musu abin da ka ci. 'Yar uwa mai juna biyu ta fi kowa buƙatar kula. Ma'aikatar lafiyar Japan ta ba da shawarar kada ta wuce giram 80 a sati na manyan nau'o'in maguro saboda sinadarin makuri, kuma gara ta tambayi likitanta game da ɗanye baki ɗaya.

Wani abin da zai yi maka daɗi shi ne cin sushi da hannu ba abin kunya ba ne, tsohuwar al'adarsu ce. Ɗauki lomar, juya ta yadda kifin ne zai taɓa miyar, don idan shinkafar ta jiƙa wargajewa take yi, ka sa a baki gaba ɗaya. Idan da tsinkayen cin abinci kake ci, kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani abinci daga tsinkenka zuwa nasa. Duka biyun al'adun jana'izarsu suke tuna musu.

Akwai kuma ƙananan gidajen sushi na unguwa, masu labule a ƙofa, inda dattijo ke tsaye bayan kanta yana yanka a gabanka. Idan can aka gayyace ka, bar turare a gida. Na san wannan yana da nauyi a gare mu, mu da ba ma fita sai mun fesa, matanmu kuma sai kaya sun sha turaren wuta da humra. A ɗaki ƙarami da mutane suka zo jin ƙanshin kifi da shinkafa, turare mai ƙarfi cutarwa ce gare su, kuma ba wanda zai faɗa maka, sai dai ka ga fuska ta canza. A irin wurin nan mai gida kan shafa wa kifin tasa miyar kafin ya miƙo maka, kuma galibi da mirin da giya ake dafa ta, saboda haka sanar da wanda ya gayyace ka tun da wuri ya yi masa bayani a waya. Japanawa sun fi son a gaya musu kafin lokaci a kan a ƙi abin da aka riga aka ajiye. Idan ka ga 時価 a maimakon farashi, kuɗin kasuwar ranar ke nan, tambaya kafin ka ce a kawo. Riƙe tsabar kuɗi, don wasunsu ba sa karɓar kati.

A babban gida, idan kun gama sai ka danna maɓallin biya a allo, ka kai takardarka wurin na'ura. A Kura Sushi akwai ramin da ake zura farantan da aka gama da su, yana ƙirgawa da kansa, kuma duk faranti biyar yara na samun wasan da za su iya cin ɗan abin wasa. Ba a ba ma'aikaci tukuici, idan ka bar canji zai biyo ka da shi. Tsakanin abokai kowa kan biya nasa, warikan suke cewa, kada ka ɗauka wanda ya kira ka shi zai biya sai in ya faɗa. Idan sensei ne ya biya, ce masa gochisousama deshita a bakin ƙofa, ka sake yi masa godiya washegari.

Ana kuma iya yin oda a manhaja a je a ɗauka, harajin ma kashi 8 ne a maimakon kashi 10 na wanda ya zauna ya ci. Da azumi wannan yana taimaka wa wanda ya taso daga aiki dab da magariba. Nemi ƙanƙara su sa maka a leda, musamman lokacin zafi, kuma a cinye shi a daren, kada a ajiye don sahur.