Yadda ake zaɓen wayar sifika ba tare da an yi asarar kuɗi ba

Da zarar ka sayi amfilifaya da sifiku, mai shago zai jawo maka wata waya mai ƙyalli a cikin kwali, ya ce da ita ce sauti zai buɗe. Na ga mutane da yawa sun zuba kuɗi a nan. A Amurka ma wani kamfani mai suna Pear ya taɓa sayar da wayar sifika dala 7,250, har James Randi, wani mai tona asirin 'yan damfara, ya ajiye dala miliyan ɗaya a 2007 ga duk wanda zai bambanta ta da wadda ba ta kai ta tsada ba, da kunne kawai. Ba wanda ya ci kuɗin.

Aikin waya ɗaya ne: ta kai wuta sifika ba tare da ta cinye ta a hanya ba. Kauri, tsawo da ƙarfen da ke ciki, su ke yanke wannan hukunci.

Fara da juya sifikar ka karanta bayanta. Za ka ga om 4, ko 6, ko 8, wato ma'aunin turjiyar da take yi wa wuta. Sai ka auna daga amfilifaya zuwa inda sifikar za ta zauna, ka bi jikin bango yadda wayar za ta bi, ka ƙara mita ɗaya. Ƙa'idar da masu aikin sauti ke bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na ta sifika. Wato waya mai kaurin sikwaya milimita 1.5 (1.5 mm²) ta jan ƙarfe za ta kai ka wajen mita 17 a sifika mai om 8, amma wajen mita 8 kacal a mai om 4. Falo na yau da kullum 1.5 ta ishe shi. In tsawon ya zarce haka, ɗauki 2.5. Ni dai 2.5 nake saya ko da yaushe, don bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. In an rubuta AWG, ma'aunin kaurin waya na Amurka, a jikinta, to lambar a juye take: 16 siririya ce, 12 ta fi ta kauri.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na taɓa sayen waya mai kauri kamar ɗan yatsa, robar garau kana hango jan ƙarfe a ciki, na dawo gida ina murna. Bayan wata biyu bakin wayar ya fara karyewa a wurin ɗauri, sautin ɓangare ɗaya yana ɗaukewa yana dawowa. Da na kankare sililin da reza, sai ga fari fat. Alminiyam ne aka yi wa shafen jan ƙarfe, wanda ake rubuta wa CCA in mai yin sa ya ga dama ya rubuta. Irin wannan ba ya ɗaukar wuta sai kusan kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ga saurin karyewa. Kaurin da ya ruɗe ni kuwa, rabinsa roba ce.

Saboda haka kada ka biya sai ka gwada a gaban mai shago. Ka sa ya yanko maka ɗan guntu, ka fere robar, ka kalli yawan sililin. Ka kankare da reza: jan ƙarfen gaske ja ne har ciki. In kana da laita, ka kanga wuta a silili ɗaya. Alminiyam zai lanƙwashe ya narke nan take, jan ƙarfe sai dai ya yi baƙi. Ka kuma ɗaga nadin a hannu, na gasken akwai nauyi. Mai shagon da ya ƙi yanka guntu ya riga ya ba ka amsa.

Ɗaurin ba shi da wuya. Kashe amfilifaya, fere kamar santimita ɗaya, murɗe sililin tam don kada ko ɗaya ya fita ya taɓa ɗan'uwansa, domin silili ɗaya tak na iya ƙona amfilifaya. Ja ga ja, baƙi ga baƙi, a duka ɓangarorin. In ka juya ɗaya, bes, wato sauti mai kauri, zai gudu, sai ka ɗora wa waya laifi. In alamar jikin wayar ta goge, ɗauko batirin rimot ka taɓa bakunan biyu da shi: idan fuskar sifikar ta turo waje, bakin da ke kan + na batirin shi ne na ja.