Kurakuran da muke yi da harshe da al'ada idan zama ya kai mu ƙasar waje

A kasuwar Farin Gada ko Taminus, Birom da Angas da Ibo da Bayarabe duk da Hausa suke ciniki. Mu 'yan Jos mun tashi mun tarar kowa na koyon harshenmu, mu kuwa ba kasafai muke koyon na kowa ba. Da wannan sabon muke hawa jirgi a Abuja, kuma a ganina shi ne tushen yawancin wahalar da ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu ke sha a waje.

Dubi ɗan kasuwar da ya sauka Guangzhou ta ƙasar Sin. Kai tsaye zai nufi unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka yi yawa, ya ci abincin gida, ya yi hira da Hausa, ya bar wa tafinta ciniki. Shekaru su wuce bai iya tambayar farashi ba, alhali bai san abin da tafinta da mai kaya ke ƙullawa a gabansa ba. Ba a ce ka guji 'yan'uwa ba. Amma ka fara da lambobi da gaisuwa da sunayen kayan da kake saye, ka riƙa zuwa kanti kai kaɗai. Sinancin Mandarin yana da karin sauti 4, kuma kunnen Bahaushe ya riga ya saba da hawa da saukar murya, don haka ba za ka sha wuyar da Bature ke sha ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗalibin da ya yi Islamiyya, ya ƙware a nahawu, ya ɗauka ya gama da Larabci. Sai ya isa Alƙahira direban tasi ya yi masa magana ya kasa kama ko kalma ɗaya. Larabcin littafi na aji ne da huɗuba da labarai. A titi da kasuwa da wajen mai gidan haya, Ammiyya ake yi, wato Larabcin yau da kullum, kuma ta Masar daban, ta Saudiyya daban, ta Sudan daban. Abin takaici, wasu ɗalibanmu raina ta suke yi, wai gurɓataccen Larabci ce. Wannan girman kai ne da ke hana mutum aboki. Ka riƙe Fusha, wato Larabcin littafi, don karatunka, ka zauna da maƙwabta ka ɗauki bakinsu, ko da za su yi maka dariya da farko. Kunyar yin kuskure ba ta taɓa koya wa kowa harshe ba.

Masu samun tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya ana ba su shekara 1 ta koyon Turkanci. Kada ka ɗauke ta hutu don kwas ɗinka da Turanci ne.

Sai ladabi. A gida, sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce. A Ingila ko Jamus, malami ko jami'in shige da fice zai iya ɗauka kana ɓoye wani abu ne. Ka dube shi, ka yi magana a fili. A Jamus yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi, kuma daga ƙarfe 10 na dare ba a son hayaniya, saboda haka doguwar hirar waya da mutanen gida da murya sama tana iya haɗa ka da maƙwabta. In an ce ƙarfe 9, ƙarfe 9 ake nufi. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa, ka tambayi mutum iyalinsa a dunƙule, kada ka ware matarsa. Koyon waɗannan bai taɓa addininka ba, hasali ma shi ke ba ka bakin da za ka ce ba ka cin naman alade, ko ka nemi wurin salla, cikin mutunci.

Mafi haɗari duka shi ne sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, musamman ga 'yan'uwanmu mata da maza masu tafiya aikatau Saudiyya. Albashi, awannin aiki, ranar hutu da sharaɗin barin aiki duk a cikinta suke. Tun kana Jos ka nemi kwafin yarjejeniyar, ka kai wa wanda ya iya harshen kuma ba shi da alaƙa da dillalin, ya karanta maka layi-layi kafin ka biya ko kwabo.