Duba Jirgin Sama Ƙirar Gida Kafin Doguwar Tafiya

Fara da mai. Tsiyayo kaɗan daga ƙasan kowane tanki cikin kofin da ake ganin cikinsa. Man jirgi da ake kira 100LL shuɗi ne, ruwa kuwa ya fi shi nauyi, sai ya kwanta a gindi. In ka ga ɗigo, ci gaba da tsiyaya har ya ɓace.

Sai ka buɗe murfin inji, ka shafa kowane tiyo. Wanda ke gogar ƙarfe girgiza za ta huda shi. In injin ƙirar Rotax 912 ne, tabbatar wuta a kashe take, juya farfela da hannu har tankin baƙin mai ya yi ƙara kamar gyatsa, sannan ka auna baƙin man.

Duba kusoshin fiffike. Leƙa bututun auna gudu, zanzaro na toshe shi da laka.