Darasi: Idan Burauza Ta Ce Ba Ta Amince da Shafi Ba

Ka buɗe shafin da ka saba shiga kullum, sai ga gargaɗi ya cika fuskar waya, wai haɗin nan ba na sirri ba ne. Wasu nan take hankalinsu ke tashi, su ɗauka an yi musu kutse. Wasu kuwa ko a jikinsu, su danna "ci gaba" su wuce. Dukansu akwai gyara.

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida, kamar yadda mutum ke da katin shaida. A jikinta akwai sunan shafin, ranar da ta fara aiki, ranar da za ta mutu, da sa hannun kamfanin da ya ba da ita. Burauzarka, ko Chrome ce ko Firefox ko Safari, takan duba ko sunan ya dace, ko wa'adin bai wuce ba, ko kuma ta san mai sa hannun. Ɗaya ya kuskure, sai ta tsayar da kai.

Fara da agogo

Kafin ka zargi kowa, dubi kwanan watan da ke kan na'urarka. Da agogonka burauza ke auna wa'adin takarda, ba da na wani ba. A ce kwamfutarka ta ɗauka yau shekarar 2010 ce. Za ta ga takardar da aka ba da bana, ta ce ai wannan lokacinta bai ma zo ba, ta ƙi ta. Alamar wannan matsala ita ce kusan kowane shafi ya ƙi buɗewa, kuma a Chrome za ka ga an rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID a ƙasan gargaɗin.

Gyaran ba shi da wuya. A Windows, Mac, Android da iPhone duka, shiga saitin kwanan wata da lokaci, ka kunna wurin da ke sa na'ura ta saita kanta. Rufe burauzar, ka sake buɗewa. In kuwa tsohuwar kwamfutar tebur ce, kuma duk lokacin da aka cire ta daga wuta sai kwanan watan ya koma baya, to ɗan batirin da ke cikinta ne ya mutu. Zagayayye ne kamar kwabo, galibi an rubuta CR2032 a bayansa. A canza shi, magana ta ƙare.

Idan agogo daidai yake kuma shafi ɗaya ne kawai ya ƙi, wataƙila takardar shafin ce ta mutu. Irin waɗanda Let's Encrypt, ɗaya daga cikin masu ba da takardun, ta saba bayarwa kwana 90 suke yi, masu shafi kuma kan yi sakacin sabuntawa. Wannan ba naka ba ne. Jira su gyara.

In ba a san mai sa hannun ba

Kowace na'ura tana da jerin kamfanonin da ta yarda da sa hannunsu. A Windows ana ganin jerin idan aka buɗe certmgr.msc, a Mac yana cikin Keychain Access, a Ubuntu da Debian, nau'o'in tsarin Linux, kuwa yana zuwa ne a kunshin ca-certificates. Sabunta na'ura shi ke sabunta jerin. Wanda ya shekara da shekaru yana ƙin sabuntawa don tsoron cin data, a nan yakan gane kurensa.

An ga haka ranar 30 ga Satumba, 2021, lokacin da wata tsohuwar takarda da ke cikin jerin, mai suna DST Root CA X3, ta mutu. Tsofaffin na'urorin da ba su san magajiyarta ISRG Root X1 ba suka fara ƙin shafuka masu yawa, alhali shafukan lafiyarsu lau. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba, ba su zo da sabuwar takardar ba, sai dai su matsalar ba ta same su ba sai a 2024. Dabarar ita ce gwada Firefox, domin ita da nata jerin take tafiya. In shafin ya buɗe a can, ka san na'urar ce ta tsufa.

Wani lokaci kuma Wi-Fi ne na otal ko filin jirgi da ke jiran ka shiga shafinsa tukuna, ko manhajar kariya daga cutar kwamfuta da ke shiga tsakaninka da shafin. Kashe Wi-Fi, kunna data, ka ga ko gargaɗin zai tafi.

Amma fa gargaɗin ba wasa ba ne. A 2011 an kutsa kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, aka ƙirƙiri takardun bogi da sunan Google, aka yi amfani da su a kan mutane a Iran. Don haka in shafin banki ne, ko imel, ko duk inda za ka rubuta kalmar sirri, kada ka danna "ci gaba". Kuma in wani ya turo maka takarda ya ce ka sa a wayarka don gargaɗin ya daina, kada ka sa. Wanda ka sa takardarsa zai iya karanta abin da kake aikawa.

Aikin yi

Ɗauki wayarka yanzu, ka nemo saitin kwanan wata, ka duba ko a kunne yake ya saita kansa. Sannan ka buɗe shafi ɗaya, ka taɓa alamar da ke gefen adireshin, ka nemo takardar shaidarsa. Rubuta sunan wanda ya ba da ita a littafinka, ka zo da shi aji na gaba.