Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Akwatin Kifi da Jatan Lande a Yanayin Kebbi

Mutumin Kebbi ya san kifi tun yana yaro, amma sanin da ya yi masa na kogi ne da na tukunya: tarwaɗa, karfasa, da giwan ruwan da masunta ke fito da ita daga Matan Fada a bikin Argungu. Ajiye ƙananan kifaye da jatan lande masu launi a cikin akwatin gilashi na lita 20 zuwa 40 wani aiki ne daban, domin a kogi ruwa yana wanke kansa, a cikin akwati kuwa duk abin da kifi ya fitar yana nan tare da shi. Yawancin bayanan da ake samu a intanet an rubuta su ne don ƙasashen sanyi masu wutar lantarki dare da rana, inda damuwarsu ita ce ɗumama ruwa. Mu a nan damuwarmu zafi ne da ɗaukewar wuta, kuma a kansu ya kamata a gina komai.

Saboda haka lokacin farawa ma yana da muhimmanci. Ya fi dacewa a haɗa akwatin bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba ko Nuwamba, domin ya yi watanni yana ƙarfi kafin bazara ta kama, lokacin da zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Ina ba da shawarar a zaɓi mai lita 30 ko 40 maimakon mai 10, ko da ƙaramin ya fi arha, domin ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi kuma yana saurin lalacewa. A ɗora shi a kan teburi mai ƙwari wanda bai karkace ba, tunda kowace lita kilo ɗaya ce, ga kuma nauyin yashi da duwatsu. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma.

Na'urar tace ruwa da ta fi dacewa ita ce ta soso, wadda ƙaramin famfon iska ke tafiyar da ita. Ba ta tsotse 'ya'yan jatan lande, tana ƙara iska a ruwa, kuma akwai famfunan da ke aiki da USB, waɗanda batirin cajin waya ko ƙaramar sola za su riƙe tsawon dare idan an ɗauke wuta. Wanda zai sayi abu ɗaya mai kyau a cikin kayan nan, wannan famfon ya kamata ya saya.

Yashin kogi yana aiki, in dai an tankaɗe shi an wanke shi da ruwa zalla har sai ruwan ya daina gurɓacewa, ba tare da sabulu ko omo ba. A shimfiɗa kamar kaurin yatsu biyu. Kowane dutse kuma a ɗiga masa ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar, kafin a saka shi. Idan ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa narkewa yana sauya yanayin ruwan, sai a ajiye shi gefe. Ruwan famfo yana iya zuwa da sinadarin kulorin mai kashe kifi da bakteriya, don haka a sa masa maganin cire kulorin da masu sayar da kayan kifi ke da shi. Ruwan burtsatse ko na rijiya ba shi da wannan matsalar, amma ya kan bambanta daga unguwa zuwa unguwa, sai an auna shi.

A wajen shuke-shuke, a zaɓi masu jure zafi da ƙarancin haske. Anubias, wanda asalinsa ɗan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne kuma ana samun wasu nau'o'insa a kudancin Nijeriya, shi ne kan gaba. Shi da Java fern ba a binne su. Ana ɗaure su da zare a jikin dutse ko itace, domin idan aka rufe kaurin saiwarsu da yashi sai ta ruɓe. Java moss kuwa shi ne makiyayar jatan lande da mafakar 'ya'yansu. A saman ruwa, babu buƙatar zuwa nesa, tunda ga kainuwa a tafkunanmu, wadda aka yi wa kirari da dashen Allah. Saiwoyinta suna shan dattin ruwa da sauri, ganyenta yana yin inuwa, sai dai tana yaɗuwa har ta rufe sama gaba ɗaya, don haka a riƙa rage ta kada ta wuce rabi. Akwai wani haɗari a nan da ya shafe mu musamman: kainuwar da aka ɗebo kusa da gonakin shinkafa tana iya ɗauke da maganin feshi, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe jatan lande. A ajiye ta a bokiti na daban mako biyu ko uku, ana sauya mata ruwa, kafin ta shiga akwati. Fitilar LED ta sa'o'i shida zuwa takwas a rana ta wadatar. Fiye da haka gansakuka ake nomawa.

Yanzu sai babban aikin, wanda mafi yawan masu farawa ke tsallakewa, wato raino ruwan kafin a zuba kifi. Kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce, kuma gubarta tana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. Wasu bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna juya amoniya ta koma nitrait, wanda shi ma guba ne mai hana jinin kifi ɗaukar iska. Wasu kuma, musamman Nitrospira, suna juya nitrait ya koma nitrat, wanda ba shi da illa sosai, shuke-shuke ma suna ci. Waɗannan bakteriya ba a cikin ruwa suke yawo ba, suna manne ne a jikin soso da yashi da duwatsu, kuma haɓakarsu a hankali take.

Hanyar rainon ita ce a cika akwati, a kunna famfo, a zuba ɗan abincin kifi kowace rana yana ruɓewa, ko kuma a ɗiga amoniya zalla har ma'auni ya nuna kusan 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan. Sannan a riƙa aunawa bayan kwana biyu ko uku da kayan gwaji na ɗigo, waɗanda suka fi na takarda gaskiya. Da farko amoniya za ta hau, bayan mako ɗaya ko biyu ta fara sauka nitrait ya bayyana, kuma a nan ne haƙuri ke ƙarewa, domin nitrait yakan daɗe kamar ba zai tafi ba. Ruwan yana iya yin fari-fari kamar an ɗiga masa nono. Wannan ba matsala ba ce, zai washe da kansa. An kammala ne idan aka zuba amoniya yau, gobe aka tarar da ita da nitrait duk sifili, nitrat kuma ya bayyana. Yawanci ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, kodayake ɗumin ruwanmu yakan ɗan rage kwanakin, haka ma matse tsohon soso daga akwatin wani mai lafiya. Kafin zuba kifi a sauya rabin ruwan.

Akwatin lita 30 ba ya ɗaukar kifi da yawa. Maza shida na Endler ko gofi, waɗanda ƙananan kifaye ne masu launi, sun isa. Idan aka haɗa da mata, cikin 'yan watanni za a rasa inda za a kai 'ya'ya. Akwai kuma Poropanchax normani, ɗan ƙaramin kifi mai shuɗin ƙyalli a saman ido, wanda ke rayuwa a kogunan Afirka ta Yamma har da Nijeriya, kuma ya saba da ɗumi. 'Ya'yan karfasa ko tarwaɗa kada ma a fara, domin za su girma su cinye kowa. Jatan lande na Neocaridina, wanda ja ya fi yawa a kasuwa, shi ne mai sauƙin kiwo. A jinkirta shi har mako uku ko huɗu bayan kifi, lokacin da ɗan santsi ya fito a jikin duwatsu, domin shi ne abincinsa. A fara da goma, a zuba su a roba da ruwan da suka zo da shi, a riƙa ɗiga musu ruwan akwati ta siririn tiyo na sa'a ɗaya ko biyu kafin a sake su. Ganyen zogale ko alayyafo da aka ɗan tsoma a tafasasshen ruwa yana yi musu daɗi, a cire ragowar washegari.

Jatan lande yana fara wahala idan ruwa ya haura digiri 28, ruwan zafi kuma iskarsa kaɗan ce. A bazara a buɗe murfi, a saita ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwan, wanda kan sauke zafin da digiri biyu ko uku, a rage abinci, kada a kashe famfo. Ruwan da ya ƙafe a cike gurbinsa da ruwa mara gishirin ma'adinai, kamar tsaftataccen ruwan sama, domin ma'adinan ba sa tashi da tururi, taruwa suke yi. Kada a jefa ƙanƙara kai tsaye, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa.

Abin da ya taɓa kashe mini jatan lande ba zafi ba ne. Wata rana da magariba aka fesa maganin sauro a ɗakin aka rufe ƙofa, da asuba na tarar da kifayen suna iyo lafiya, jatan landen kuwa duk suna kwance a kan yashi sun yi jajawur, in ban da biyu da ke juyawa a gefen soso. Maganin ƙwari na feshi da na hayaƙi da fiya-fiya duk guba ne a gare su, haka ma duk maganin kifin da ke da tagulla a ciki. Tun daga ranar ɗakin akwati gidan sauro kawai ake amfani da shi, kuma na ware wa akwatin bokitinsa da ba ya shiga wanki.

Kulawar mako-mako ba ta da yawa. A zuƙe kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da tiyo, a duba bokitin kafin a zubar, domin 'ya'yan jatan lande ba su kai ƙwayar shinkafa ba kuma sukan biyo. Sabon ruwan ya kwana a ɗakin don zafinsu ya zo ɗaya, musamman a hunturu. Soson kuma a matse shi sau ɗaya a wata a cikin tsohon ruwan da aka zuƙe, ba a ƙarƙashin famfo ba, a mayar da shi wurinsa tun yana jiƙe.